Sabis a cike amma shafi ya ƙi buɗewa, ina matsalar take?

Adda Tumfure: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu ilimin na'ura a taimaka min da shawara kafin in sake zubar da kuɗi. Ina da ɗan wurin koyar da kwamfuta a nan Tumfure, kwamfutoci 12 ne, yawancin ɗaliban masu shirin JAMB ne. Rawuta ɗaya muke amfani da ita, mai cin sim. Da safe lafiya lau, amma daga bayan magariba sai a hankali. Ga sandunan sabis a cike, data kuwa ko rabi ba a ci ba. Wani ya ce in sayi busta, wani ya ce in sayi rawuta mai 5G. Wanne zan kama?

Mai POS Tashan Dukku: Wa alaikumus salam Adda. Canza layi kawai. Ni sim ɗina kala-kala ne, wanda ya tashi da lafiya ranar shi ne nawa.

Na Bolari: Ba busta ba 5G. Kamfanonin ne ke rage gudu da gangan da daddare, don sun san lokacin kowa na kan waya. An ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100 a farkon 2025, me muka gani a ƙasa?

Ɗan Kashere: Adda ki duba sunayen WiFi ɗin da rawutar ke fitarwa. In akwai wanda aka rubuta 5G a ƙarshensa, ai kina da 5G ɗin ma ba ki sani ba.

Hamma Mai Kebul: A'a ƙanena, tsaya. Wancan na jikin sunan WiFi gigahaz 5 ake nufi, zangon da rawuta ke magana da na'urorin cikin ɗaki. 5G na kamfanonin waya daban ne, shi ne wanda hukumar NCC ta yi gwanjon zangonsa na gigahaz 3.5 a Disambar 2021, MTN da Mafab suka ci, kowanne ya biya dala miliyan 273.6, daga baya Airtel ta shigo a 2023. Rawutar da 4G take sha daga turken sabis tana iya watsa WiFi a gigahaz 5 a cikin ɗaki, ba abin da ya haɗa su. Kuma ko kin sayi mai 5G na gaske, in turken da ke kusa da ke ba a ɗora masa kayan 5G ba, 4G ɗin dai za ta ci gaba da sha.

Adda, kar ki sayi komai tukuna. Duk shafin da yaro ya buɗe a wurinki sai ya bi hanya uku: daga kwamfuta zuwa rawuta, daga rawuta zuwa turken sabis, daga turke zuwa inda sabar shafin take, wato kwamfutar da ke ajiye da shi, Legas ce ko Turai. Sandunan da kike gani labarin hanyar tsakiya kawai suke bayarwa, shi ma ba duka ba. Suna gaya miki yadda muryar turke ke iso ki ne, ba sa gaya miki mutum nawa ne suka rataya a kansa.

Adda Tumfure: To Hamma ta yaya zan gane wacce ce ta lalace a cikin ukun? Ni fa koyar da taifin da Excel na iya, ba wannan ba.

Hamma Mai Kebul: Abu ne mai sauƙi. Ki juya rawutar, a ƙasanta akwai takarda da aka rubuta wata lamba, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Adireshinta ke nan a cikin gidanki. Ki danna maɓallin Windows da R, ki rubuta cmd, baƙin allo zai fito. Ki rubuta ping, ki ba da tazara, ki sa lambar nan. Kwamfutar za ta aika ɗan ƙunshin saƙo ga rawuta ta jira amsa, ta gaya miki milisakan nawa ya ɗauka. A cikin ɗaki ɗaya bai kamata ya wuce 5 ko 10 ba. Sannan ki sake yi da 8.8.8.8, wannan sabar Google ce, ta fita gidanki ke nan. Ki gwada a kwamfutar da ta fi kusa da rawuta da wadda ta fi nisa, da hantsi sau ɗaya, bayan isha'i sau ɗaya, ki turo mana hoton allon.

Baffa Jekadafari: Kafin ta dawo, ni ma ina da tambaya, 'ya'yan zamani. Mu mun tashi da rediyo mai batir huɗu, muna kama BBC da Jamus da Muryar Amurka a gajeren zango, mita 16, mita 19, mita 25. Magana ta taso daga wata duniya ta iso ƙauyenmu can bayan Dukku, ba turke ko ɗaya a hanya. Yau jikana ya kafa min rawuta a falo, in na shiga uwar ɗaka sai ta ɓace. Wannan ci gaba ne ko ci gaban mai haƙan rijiya?

Mai POS Tashan Dukku: Baffa ka gama magana wallahi.

Hamma Mai Kebul: Allah ya ƙara girma Baffa. Ai rediyonka da rawutar jikanka dangi ne, duka igiyar rediyo suke amfani da ita, tsawon igiyar ne ya bambanta. Mita 19 da ake faɗa tsawon igiyar ke nan, wajen megahaz 15. Irin wannan igiyar in an harba ta sama sai ta daki wani sashe na sararin samaniya mai ɗauke da cajin lantarki, ta lanƙwaso ta dawo ƙasa da nisan dubban kilomita. Shirye-shiryen BBC na yankinmu ma daga tsibirin Ascension da ke tsakiyar tekun Atlantika aka daɗe ana harbo su, da injina masu ƙarfin ɗaruruwan kilowat. Igiyar FM tsawonta wajen mita 3 ne, ba ta dawowa daga sama, shi ya sa in ka bar Gombe ka nufi Bauchi tashar gida ke dusashewa a hanya. Ta WiFi a gigahaz 2.4 santimita 12 da rabi ce, ta gigahaz 5 santimita 6, kuma ƙarfin rawutar gida bai ma kai wat ɗaya ba. Bangon bulo biyu da ƙofar ƙarfe sun ishe ta.

Amma ga abin da aka samu a madadin nisan. Tashar gajeren zango filin da take da shi wajen kilohaz 10 ne, muryar mutum ɗaya yake ɗauka, ita ma da ƙarar iska. Tashar WiFi mafi ƙanƙanta megahaz 20 ce, ninki 2,000 ke nan. A can sama ne ake da yalwar fili, shi ya sa kake iya ganin fuskar jikokinka na Saudiyya suna motsi a waya. Haka abin yake a salula ma. Zangon megahaz 900 da 800 na tafiya nesa yana ratsa bango, na 2,600 da 3,500 na ɗaukar kaya da yawa amma a kusa. Shi ya sa in ka ɗauki hanyar Nafada za ka ga 4G ya koma 3G, ya koma E, kira na shiga amma hoto ba ya sauka.

Baffa Jekadafari: Madalla. To yanzu na fahimta. Amma dai rediyona bai taɓa ce min in sabunta data ba.

Na Bolari: Hamma ka yi bayani mai kyau amma ka kauce wa maganata. Me ya sa sai da daddare?

Anti Injiniya: Bari in amsa maka wannan, Malam, don aikina ne. Ka tsaya ƙarƙashin turke ka ɗaga kai, za ka ga dogayen fararen alluna suna fuskantar kusurwa uku. Kowane ɗaya yana kula da kashi ɗaya cikin uku na kewayen, kuma yana da iyakar abin da zai iya ɗauka a daƙiƙa guda. Duk wayar da ke wannan ɓangaren daga kason nan take ci. Da hantsi mutanen Tumfure suna ofis, suna kasuwa, suna makaranta, sun rataya a turakun cikin gari. Bayan isha'i kowa ya dawo gida ya kishingiɗa ya buɗe TikTok da YouTube. Unguwa ce da gidaje suka yi ta ƙaruwa cikin 'yan shekaru, gini kuwa ya fi kafa turke sauri. Ba sai kowa ya murɗa wani maɓalli ya rage gudu ba, cunkoson kaɗai ya isa.

Baffa Jekadafari: Wato famfon unguwa ne. Bakin bututun bai ragu ba, masu jarka ne suka yi yawa da yamma.

Anti Injiniya: Haka yake Baffa. Kuma a nan ne busta ke yaudarar mutane. Abin da take yi shi ne ta kamo sabis mai rauni daga waje ta ƙara masa ƙarfi a cikin ɗaki. Ba ta ƙara wa turke ko megabit ɗaya. Wanda sandunansa ke cike ba abin da za ta yi masa. Ga shi na kasuwa marasa inganci suna mayar da hayaniya ga turke, su lalata wa maƙwabta kira, shi ya sa NCC ta yi gargaɗi cewa ba a yarda kowa ya saya ya kafa da kansa ba, aikin kamfanoni masu lasisi ne.

Na Bolari: Anti ku ma'aikatansu ne, dole ki kare su. In cunkoso ne su ƙara turaku mana, kuɗinmu suke karɓa. Kuma ki gaya min inda datata ke tafiya, gigabait 10 a da sai ta yi min wata, yanzu sati biyu.

Anti Injiniya: A batun ƙara turaku ba na musu da kai ko kaɗan, haƙƙin mai saye ne. Sai dai ka sani kowane turke a nan janareto da dizal da batura ke riƙe da shi dare da rana, ga ɓarayin batir, ga kuɗin izinin haƙa hanyar faiba, wato wayar gilashi mai ɗaukar data. Gwamnoni sun amince da naira 145 a kowace mita tun 2020, aiwatarwa kuma kowace jiha da nata salon. Batun data, ka shiga saitin wayarka, akwai wurin da ke lissafa abin da kowace manhaja ta ci. Kar ka yarda da ni, ka duba. Bidiyo yana auna gudun layinka ne, in ya ga hanya a buɗe sai ya zaɓi hoto mafi tsabta da kansa, minti ɗayan da ka saba kallo sai ya ci ninkin abin da yake ci a 3G.

Na Bolari: Na duba. Facebook ya ci 4.1. To amma duk da haka.

Ɗan Kashere: Malam ya ga shaida ya ce amma duk da haka.

Na Bolari: Kai yaro, kai da ka ce 5G na cikin sunan WiFi ka yi shiru.

Adda Tumfure: Jama'a na dawo, ga sakamako. Kwamfutar gaba zuwa rawuta 2 zuwa 4, safe da dare. Ta can ƙarshen ɗakin baya kuwa da daddare 30, 200, 900, wani lokacin ta rubuta Request timed out. Zuwa 8.8.8.8 da hantsi wajen 50, bayan isha'i 400 zuwa 700 ko a ta gaba. Na kuma gwada gudu, da safe megabit 22, da dare 1.5. Sannan akwai kwamfuta ɗaya da ta ƙi shiga gaba ɗaya, yaron da ke taimaka min ya ce lambarta ta fara da 169.254.

Hamma Mai Kebul: Alhamdu lillahi, yanzu magana ta fito. Ciwo biyu ne, ɗaya a cikin gidanki, ɗaya a waje. Ki shiga shafin rawutar, ki rubuta lambar nan 192.168 a burauza, ki nemi wurin da ke nuna na'urorin da ke haɗe. Nawa ne?

Adda Tumfure: Inna lillahi. 31 ne. Ni da nake da kwamfuta 12 da wayata.

Mai POS Tashan Dukku: Adda kin buɗe gidauniya ba ki sanar da mu ba.

Adda Tumfure: Ban ba kowa kalmar sirrin ba fa, ni nake sa wa da hannuna.

Ɗan Kashere: Adda duk wayar Android da kika sa wa sau ɗaya tana iya fito da lambar QR, wani ya ɗauka ya shiga ko bai san kalmar ba. A kwamfuta ma ana iya duba ta a saiti. A hostel haka muke yi... wato haka suke yi.

Hamma Mai Kebul: To kin ga. Ita kuma mai 169.254, ma'anarta ta nemi rawuta ta ba ta adireshi ba ta samu amsa ba, sai ta ƙirƙiro nata wanda ba ya kai ta ko'ina. Rawuta ce ke raba wa kowace na'ura lamba in ta shigo, ƙananan rawutoci masu sim kuwa da yawansu 32 ne iyakarsu, wasu ma 10 ko 16. Mai yiwuwa 'yan cin arziki sun cike gurbin.

Abin da mutane ba su sani ba game da WiFi shi ne a tasha ɗaya na'ura ɗaya ce ke magana a lokaci guda. Kowace sai ta saurara ta ji shiru kafin ta aika nata, in biyu suka yi karo duka su janye su sake. Abin yana faruwa da sauri ne shi ya sa ba a lura. Mafi muni, wayar da ke can waje jikin katanga, da ƙyar take jin rawuta, a hankali ake mata magana ana maimaitawa, sai ta cinye lokacin da kwamfuta biyar na kusa za su gama nasu. Ƙara da cewa a gigahaz 2.4 tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma rawutar maƙwabci da hotspot ɗin kowane yaro da Bluetooth duk nan suke cunkushe.

Shawarata, kwamfutar da ba ta motsi a ba ta kebul. Suwic mai rami 16, wato akwatin da kebul ɗin duk kwamfutocin ke haɗuwa a cikinsa, kwalin kebul na Cat6 ɗaya, kan RJ45 da ake sa wa bakin kebul, shi ke nan. Kowace kwamfuta ta samu hanyarta ita kaɗai, aikawa da karɓa a lokaci guda, ba jira. Kebul ɗaya yana kaiwa mita 100 ba matsala. Ki leƙa kowace cibiyar CBT da JAMB ta amince da ita, kebul za ki gani yana bin bango zuwa saba. Tun da jarrabawar ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015 haka tsarin yake, kuma ba don ba su san WiFi ba ne.

Mai POS Tashan Dukku: Mai kebul ya ce a sayi kebul. Mamaki.

Hamma Mai Kebul: Ta saya a duk inda ta ga dama. Amma Adda in kin je saye ki tafi da reza. Ki ce a yanko miki ɗan guntu, ki fere rigar, za ki ga wayoyi 8 an murɗe su bibbiyu. Ki kankare ɗaya. In cikinsa ja ne har tsakiya, tagulla ce. In kin kankare jan ya tafi fari ya fito, alminiyom ne aka yi wa fenti, yana karyewa a bakin kai, bayan wata shida ki fara neman wanda ya yi miki asiri. Kwalinsa ma ya fi sauƙin ɗauka. Kuma kar mai aiki ya kwantar da shi a bututu ɗaya da wayar wutar janareto.

Anti Injiniya: Na yarda da Hamma a cikin ɗaki, amma kar Adda ta ɗauka kebul zai gyara mata dare. Ta gaba ma da ke jikin rawuta 700 take gani zuwa waje. Ko ta kori duk 'yan cin arzikin, kason da turke ke ba ta bayan isha'i shi ne dai. Megabit 1.5 a raba wa kwamfuta 12 ba zai yi komai ba. Ku tuna kuma bit 8 ne bait ɗaya, wato 1.5 ɗin nan bai kai kashi ɗaya cikin biyar na megabait a daƙiƙa ba. Adda, a shafin rawutar ki nemi wani abu RSRP, lamba ce mai alamar ragi a gabanta. Ki karanta a inda take yanzu, sannan ki ɗauke ta da dogon soket ki kai bakin taga ko saman katanga ki sake karantawa.

Adda Tumfure: A kan teburina -104. A tagar da ke kallon titi -91. Amma sanduna ba su canza ba sosai.

Anti Injiniya: Sanduna kowane kamfanin na'ura da yadda yake zana nasa, ki bar su. A wannan ma'aunin duk 10 ninki goma ne, 3 kuma ninki biyu. Daga -104 zuwa -91 kin samu ninki 20 ba ki kashe ko sisi ba. Rufin kwano da dekin mai rodi ne suka tare ki. Kuma wannan yana da amfani ko a cunkoso, don turke in ya ba ki ɗan lokacinki, mai jin sa da kyau ya fi kwasar kaya a cikin lokacin. In rawutar na da ramin eriya a baya, eriyar waje mai fuskantar gefe ɗaya a kan dogon ƙarfe ta fi busta nesa ba kusa ba, ba ta damun kowa, kuma kina iya juya ta ga wani turken da bai cika ba.

Hamma Mai Kebul: Da sharaɗin wayar eriyar ta zama gajera. Na sha ganin an ja mita 20 na siririyar waya, abin da eriya ta kamo a sama ya tsiyaye a hanya. Gara rawutar waje da ake ɗaurewa a saman ƙarfen da sim ɗinta a ciki, kebul ɗaya ya sauko da data ya hau da wuta.

Anti Injiniya: Gara haka in aljihu ya ɗauka. A sa mata kariyar tsawa kuma, damina ba ta wasa.

Mai POS Tashan Dukku: Tunda an zo kan damina, me ya sa hadari na haɗuwa sabis ke ɗaukewa? Kuma ni abin da ke ƙona min rai, sabis ful, a zare wa kwastoma kuɗi, na'ura ta ce bai yi ba, a tsaya ana rantse-rantse.

Anti Injiniya: Ruwan sama bai cika taɓa zangon da ke tsakanin wayarka da turke ba. Daga gigahaz 10 zuwa sama ne ɗigon ruwa ke shanye igiya. To waɗannan zagayayyun kwanonin masu kama da ganga da kake gani a jikin turke, da su turke ke miƙa wa ɗan'uwansa kaya a inda faiba ba ta kai ba, kuma a can saman suke aiki, dole kuma su ga juna ido da ido. Mamakon ruwa ko iskar da ta ɗan karkatar da kwano ɗaya sai ta yanke duk turakun da ke bayansa. Shi ne dalilin da dish ɗin kallon ƙwallo ke ɗaukewa in hadari ya taso. Sauran kuma wuta ce da faiba. Mai gireda yana aikin titi ko kwalbati ya tsinke faiba ɗaya, garuruwa su yi shiru alhali sanduna a cike. Yawan hakan ne ya sa a 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su laifi ne.

Naka na POS kuwa sau da yawa ba na turke ba ne. Saƙon ɗan mitsitsi ne, amma sai ya je kamfanin na'urar, ya wuce ga masu haɗa bankuna, ya isa bankin mai kati, sannan amsa ta biyo hanyar ta dawo cikin ƙayyadadden lokaci. In banki ya zare kuɗi amsar ta makara a hanya, na'urarka ta riga ta gaji da jira. Canza sim ba zai tashi sabar bankin da ta kwanta ba.

Baffa Jekadafari: Ni dai na tuna wani azumi da bankuna suka rikice, aka ce waya ce ta tsinke a teku. Na ɗauka zolaya ce. Ashe ba ta sama abin ke bi ba?

Hamma Mai Kebul: Gaskiya ne Baffa, 14 ga Maris 2024 ne. Kebul huɗu na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Kwaddibuwa, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, ƙasashen yammacin Afirka da dama suka ji a jikinsu. Mafi yawan abin da ke fita ƙasar nan ta faibar teku yake bi. MainOne tun 2010 take, kilomita 7,000 daga Fotugal zuwa Legas, Funke Opeke ce ta kafa kamfanin. Equiano ta Google ta sauka Legas a 2022. Iskar da muke tunanin tana ɗaukar komai ɗan guntun farko ne kawai, daga aljihunka zuwa turke. Daga nan gilashi ne siriri kamar gashi, haske na gudu a cikinsa kilomita 200,000 a daƙiƙa. Daga Gombe zuwa Legas sama da kilomita 1,000, zuwa da dawowa milisakan 10 da 'yan kai ne in hanya ce kaɗai. Don haka 700 ɗin Adda jiran layi ne, nisa bai kai haka ba.

Ɗan Kashere: To me zai hana Adda ta sa Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam, ta huta da turke gaba ɗaya? Tun Janairun 2023 yake Najeriya, mu ne na farko a Afirka.

Hamma Mai Kebul: Zai yi aiki, ba musu. Taurarinsa 'yan ɗaruruwan kilomita kawai suke daga ƙasa, ba kamar tsofaffin VSAT na bankuna ba da tauraronsu ke kilomita 35,786, tambaya ta hau ta sauko, amsa ta hau ta sauko, kusan rabin daƙiƙa ya tafi a banza. Amma ta lissafa kuɗin kayan da na wata, da wutar da kwanon ke ja duk yini a kan inbatarta, da kuɗin da yara ke biya. Shi ma yana jin mamakon ruwa, shi ma in masu shi suka yi yawa a yanki ɗaya yana cunkushewa. Ni da za ta ji tawa, ta fara da na kyauta. Ta mayar da rawuta taga, ta canza kalmar sirri ta WiFi da ta shiga shafin rawutar, don na tabbata admin admin ce har yanzu, ta kashe WPS, wato hanyar shiga WiFi ba tare da rubuta kalmar sirri ba, ta hana Windows sauke sabuntawa sai da safe. Kwamfuta 12 kowacce na jan nata a ɓoye, wannan kaɗai ya isa ya kashe layi.

Anti Injiniya: Kuma manhajar gwajin JAMB ai akwai wadda ba ta buƙatar intanet. A sa ta a kwamfuta ɗaya ta zama saba, sauran su shiga ta suwic. Netwok ɗin cikin gida yana aiki ko babu sim a rawutar. Ajin dare sai ya daina dogara da turke.

Adda Tumfure: Admin admin ɗin ce kuwa Hamma. Allah ya saka da alheri, ku duka. Wannan ta ƙarshen ta Anti ita zan fara bi. Hamma zan kira ka kan awon ɗakin.

Na Bolari: Ni dai har yanzu ban janye ba. A ƙara turaku.

Ɗan Kashere: Hamma tunda ana rabon ilimi kyauta. Gidanmu na ƙauye a yankin Kaltungo yana cikin kwari, sai an hau tudu ake samun sabis. Shagon kawuna na bakin titi yana da 4G mai kyau, tsakaninsu zai yi kilomita 3. In na sa rawuta mai eriya huɗu a shagon za ta kai?

Hamma Mai Kebul: Ko mai eriya takwas ce ba za ta kai ba. Rawutar gida zagaye take watsawa, kuma ko ita ta iso ka, wayarka ba ta da ƙarfin mayar mata da amsa. Abin da ake yi shi ne ƙananan kwanoni biyu na gigahaz 5, ɗaya a shago ɗaya a gida, suna kallon juna. Kilomita 3 ba komai ba ne a wurinsu, suna yin fiye da haka, amma dutse ɗaya a tsakani ya ɓata komai, kuma ƙasarku duwatsu ne. Bishiya ma da rani za ta bar ka ka wuce, damina ta yi ganye ta rufe. Ba layin ido kaɗai ake so ba, sai an samu sarari na 'yan mitoci sama da ƙasansa a tsakiyar hanya, shi ya sa ake ɗaga ƙarfe. In ka je hutu, ka sa ƙanenka ya hau rufin shagon da tocila mai ƙarfi bayan isha'i, kai ka hau rufin gida. In ka hango hasken ka kira ni mu yi lissafin kaya da sola. In ba ka hango ba, ka duba ko akwai gidan ɗan'uwa a kan tudun da ke ganin wuraren biyu, sai a yi zango a can da kwano huɗu.

Ɗan Kashere: Akwai gidan goggona a kan tudun, amma ba sa shiri da kawu.

Hamma Mai Kebul: Wannan kuma ba aikina ba ne, ka nemi Baffa.